Kayan Yaya a Hannun Kwastam

Laraba, 5 ga Safar, bayan Azahar

Kayan Yaya Ikrima sun sauka a filin jirgi tun shekaranjiya. Yau na je ɗaukowa, na dawo hannu rabbana.

Tun daga Dawanau na ɗauki shatar adaidaita, na ce wa mai ita minti goma ne, ya jira ni. Ya jira awa uku, ya karɓi kuɗinsa ya tafi yana ƙunƙuni. Sunana ne a kan takardar, Uwaisu, don ni kaɗai ke da katin ɗan ƙasa a gidan, na Baba wanki ya cinye shi bara. A bakin sito aka haɗa ni da wani ejan mai fito wa mutane da kaya, Abdulkabir, siriri kamar karan dawa. Ya duba takardar, ya shiga, ya fito, ya dube ni.

Ya ce, "Malam, kayan da mutum ya sa a jikinsa, tsofaffi, ba a karɓar musu kuɗin fito. Amma a nan akwai abaya ashirin da uku sababbi dal a leda, turare kwali biyu, wayoyi kwali guda. Yayan naka mata nawa gare shi?"

Na ce ko ɗaya.

Ya ce, "To kwastam sun ce wannan kayan kasuwa ne, sai an biya."

Ya faɗi kuɗin. Na fashe da dariya, na ɗauka na gamu da mai zolaya irina ne. Shi bai yi dariya ba.

Na hango akwatin Yaya ta ƙofa, shuɗi, an naɗe shi da leda, keken ɗinkinsa na jingine a gefe. Bai fi taku goma tsakanina da shi ba. Amma takarda ɗaya ce, suna ɗaya, ba a fitar da wani a bar wani.

Da na shigo gida Inna na tankaɗe. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kayan mutane sun iso?" Haka take tambayarta. Yaya ɗan fari ne, tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba kuwa yanzu za ta fara ba. Na ce sun iso, sauran sa hannu. Ta ce to.

Alhamis, 6 ga Safar, hantsi

An kwana ana ruwa. Mun zuba wa masara taki. Ban tsokani kowa ba.

Juma'a, 7 ga Safar, bayan an sauko masallaci

Yau kwana goma sha tara da aka naɗe tabarmin zaman makokin Yaya a ƙofar gida.

Abin da zan rubuta yanzu, daga ni sai Allah.

Kafin Babbar Sallah Yaya ya ce mini ya fara haɗa kaya. Shekara bakwai yana ɗinki a Jidda, ya ce ta isa haka, zai turo kayan gaba, shi ya biyo baya da kaka. Ni kuwa Allah ya ba ni maƙogwaro. Duk muryar da na ji sau biyu ta zama tawa. Na iya ta liman, na iya ta mai shelar ɓatan tumaki, na iya ta Iya Hamsatu ƙanwar kakarmu, na iya ta akuyarta. Rannan muna zaune gindin darbejiya da abokai, zafi ya ishe mu, sai na ɗauki waya na yi muryar Baba, har da gyaran muryar nan da yake fara yi, na tura gurup ɗin 'yan garinmu da ke can: "Salamu alaikum jama'a. Duk mai saƙo ya kai wa Ikrima. Jirgi sukutum ya ɗauka shata."

Muka yi dariya har da riƙe ciki. Na ɗauka kowa zai gane. Jirgi sukutum fa!

Na manta saƙo ba abin wasa ba ne. Mutum sai ya shekara a can yana neman wanda zai riƙo masa leda ɗaya zuwa gida. Suka yi ta kaiwa ɗakinsa. Yaya bai mayar da ko ɗaya ba, don ba a mayar da saƙo. Abin da ya turo mini kawai shi ne, "Uwaisu, Allah ya shirye ka." Akwai dariya a ciki. Yana nan a wayata. Ba na kunnawa.

Sai abin da ya faru ya faru. Mala, wanda suke ɗaki ɗaya, ya tattara duk abin da ya tarar, na Yaya da na mutane, ya kai aka auna, aka rubuta suna ɗaya. Ba laifinsa ba ne. Shi ya tsaya a kan komai a can, shi ya turo mana hoton wurin: fili ne mai faɗi da ƙananan duwatsu, babu suna a kan ko ɗaya.

Mu ba mu ga komai ba. Ba mu ɗauki komai ba. Akwatin nan shi kaɗai zai shigo gidan nan.

Litinin, 10 ga Safar, La'asar

Na koma. Abdulkabir ya ce kowace rana akwai kuɗin ajiya da ke hawa, kuma in kaya suka daɗe ba a fitar ba, gwanjo ake yi da su. Ya ce kada mu bari watan nan ya fita. Na ce gwanjo kamar yaya? Ya ce kamar yadda na ji, wanda ya taya ya ɗauka. A raina na ga wani ƙato a kasuwar Kurmi sanye da rigar Yaya yana cinikin albasa. Na zauna a kan bulo.

Ya ji tausayina, ya kai ni wajen wata jami'ar kwastam, babbar mace mai tabarau, kaki a jiki, ɗankwali a ƙarƙashin hula. Na durƙusa har ƙasa. Ta ce in tashi, nan ba soro ba ne.

Ta ce, "Ɗana, ba ƙin ku muka yi ba. Kaya in sabo ne, da yawa, ya shigo daga waje, gwamnati na da kasonta a kai. In aka bar kowa ya shigo da ɗinkakku kyauta, telolinmu na gida me za su ci?"

Na ce, "Hajiya, Yayana ma tela ne."

Ta cire tabarau ta goge. Sai ta ce hanya ɗaya ce: in kawo takardar asibitin can, a ware nasa na sawa su wuce ba ko kwabo, sauran kuma a yi musu kuɗi, a biya duka, sannan a saki takardar. Ta ce, "Masu kayan ba su da rai ne? Kowa ya ɗauki nasa mana."

Takardar asibitin tana wayata, Mala ya turo tuntuni. Larabci ne, na iya karantawa. Layin farko kawai na karanta.

Talata, 11 ga Safar, bayan Magariba

Na gaya wa Baba abin da Hajiya ta ce, a zaure, yana gyara ƙotar fartanya. Ya ce a'a tun ban rufe baki ba.

Ya ce, "Mutanen da suka yi kwana uku a kan tabarmata, suka kawo hatsi, suka kawo goro, su zan bi gida-gida in ce ku biya kuɗin saƙo? Tunda nake ban taɓa jin an biya saƙo ba. Wanda ya ɗauka shi ke saukewa. Ɗana ya ɗauka, ni zan sauke."

Na ce da me? Ya dubi turke. Shanun huɗarmu biyu ne, Kyalla da Gajere. Ya ce Kyalla ya fi tsoka.

Na ce, "Baba, sa ɗaya ba ya jan garma. Ga gonar wake ko huɗa ba a yi ba."

Ya ce kakanninsa da hannu suka yi.

Har na miƙe, sai ya ce, "Wai cewa ake ni na yi shela a waya a kai wa yaron nan kaya. Mutum uku sun faɗa mini. Wallahi Uwaisu na yi tunani, na yi tunani, ban tuna ba. Tsufa kenan. In ni na jawo masa wannan wahalar, Allah ya yafe mini."

Na ce amin. Amin fa na ce.

Laraba, 12 ga Safar, da safe

Ba a sako ba.

Alhamis, 13 ga Safar, Azahar

Duk adaidaitar da ta biyo ta layinmu, sai Inna ta sami abin da za ta zubar a ƙofar gida. Jiya ruwan wanke-wanke, yau toka. Ɗazu da ta rasa abin zubarwa, sai ta fita da tsintsiya ta share inda ta riga ta share.

Ina cin ɗumame ta zo ta zauna nesa kaɗan, tana tsince wake.

Ta ce, "An ce ka iya muryar kowa."

Na ce sharri ake mini.

Ta ce, "Har ta mutanen nesa?"

Na ce mura nake, maƙogwarona ciwo yake yi. Ta ce in sha citta. Ta ci gaba da tsintar wakenta, tana zubar da mai kyau tana ajiye tsakuwa.

Na zagaya bayan rumbu inda babu kowa. Na gwada kalma ɗaya, "Inna," yadda yake jan ta. Ta fito daidai. Daidai, har kaza ta waiwayo. Ba zan sake ba.

Juma'a, 14 ga Safar, hantsi

Ba a sako ba. Baba ya ƙara wa Kyalla dusa.

Asabar, 15 ga Safar, bayan La'asar

Na faɗa.

Muna maimai a gonar dawa, kunyarsa kusa da tawa. Ban tsaya ba, ban dube shi ba, ƙasa na gaya wa. Na ce Baba ba kai ba ne, ni ne, muryarka na yi.

Ya ci gaba da sara har ƙarshen kunya, ya juyo da wata, ya zo daidai inda nake. Na riga na shirya wa ƙota a gadon baya. Sai ya dogara fartanya ya ce, "Yi mini in ji."

Na ce Baba don Allah.

Ya ce, "Yi mini na ce."

Na yi gyaran murya irin nasa, na ce salamu alaikum jama'a. Na kai har jirgi sukutum.

Ya ce, "Haka nake magana? Kamar injin niƙa ya sha ruwa?"

Sai ya fara dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin tabarmi. Ya yi ta yi har ya zauna a kan kunya, yana goge ido da hula. Dariyar ta ƙare, bai daina goge idon ba. Na juya ina kallon dawa kamar ban taɓa ganin dawa ba.

Can ya ce, "Shi ya gane kai ne?"

Na ce ya gane.

"Kuma ya karɓa."

Na ce ya karɓa.

Ya gyaɗa kai ya daɗe. Sai ya ce, "Ni dai ba zan roƙi kowa ba. Amma tunda bakinka ya tara, ƙafarka ta bi. Ka je ka gaya musu gaskiya, kada ka ce su biya. Abin da suka ga dama. In mako ya zagayo babu labari, Kyalla zai tafi kasuwar kara."

Lahadi, 16 ga Safar, bayan Magariba

Mala ya turo sunayen. Gida tara. A cikin taran nan babu gidan da ban taɓa yi wa tsiya ba.

Na fara da Iya Hamsatu, don 'yarta ta aiko mata abaya biyu da kwalbar turare, kuma don ita ce matata tun ina rarrafe. Na tarar da ita tana kaɗi a inuwar ɗaki.

Ta ce, "Lale da mijin banza. Yau da sallama aka shigo? Wa ya kama ka?"

Na ce, "Uwargida, ƙara na kawo kaina."

Ta ce, "Kafin ka zauna juya aljihunka. Kwaɗon da ka sa mini a ƙwarya bara har yau ina jin sanyinsa a hannu."

Na juya aljihu. Na zauna na gaya mata komai. Tana ji tana murza mazari, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Yau ga wanda ya haƙa rami ya auna da tsawonsa. To ubanka sa zai sayar a kan abayata? Ni Hamsatu in sa riga, ɗan yayata ya yi huɗa da hannu? Ya raina ni."

Na ce Baba ya ce kada in ce a biya.

Ta ce, "Kai ka ce? Ni na ji?"

Ta kwance bakin zani. Har ta miƙo kuɗin, sai ta janye. Ta ce sai na yi mata kukan akuyarta tukuna. Na yi. Akuyar ta amsa daga turke. Iya ta yi dariya har haƙorinta ɗaya ya fito.

Sai ta ɗauki mayafi ta ce, "Tashi. Sauran gidajen na matan aure ne, gardi irinka ba ya wuce zaure. Kai ka gaya wa mazan a waje, ni in shiga ciki. Kuma ka riƙe mini sanda, ka rage sauri, ba tseren jaki muke ba."

Litinin, 17 ga Safar, La'asar

Gida bakwai yau da jiya, ban da na Iya. A kowane zaure sai na durƙusa na faɗa da bakina. Wani ya ce in yi masa muryar liman kafin ya yafe. Wani ya ce ai shi tun ranar ya gane, jirgi sukutum sai ka ce gwamna, amma ya ce wa ƙaninsa ya kai dai, ko da rabo. Wata tsohuwa ta aiko Iya da kaji biyu, ta ce ba ta da tsaba, a sayar. Babu wanda ya zage ni. Da sun zage ni da na fi jin daɗi.

Iya ta ce ƙafarta ta kumbura, sai na biya ta sadaki na biyu.

Saura Sabiru. Kwalin wayoyi nasa ne, kuma Abdulkabir ya ce shi ne ya fi kowane kaya kuɗin fito.

Talata, 18 ga Safar, bayan Azahar

Sabiru yana sayar da wake a Dawanau. Abokin Yaya ne tun suna wanke allo tare. Na same shi a rumfa yana sa a ɗinke buhuna. Na gaishe shi, na fara bayani.

Ya ce, "Ba ni da kaya."

Na ce sunanka ne a jikin kwalin, Mala ya faɗa.

Ya ce, "Ba ni da kaya."

Na ɗauka tsohon haushi ne. Bara waccan na taɓa kiransa da muryar wani Bayarabe, na ce buhu ɗari biyu nake so, ya yini a bakin titi yana jiran mota. Na ce in wannan ne ya yafe mini, in ya so in durƙusa a tsakiyar kasuwa.

Ya ce, "Uwaisu, wa yake ta Bayarabenka? Ba ni da kaya na ce. Ka gaida Baba."

Ko sau ɗaya bai dubi fuskata ba.

Laraba, 19 ga Safar, da safe

Ba a sako ba. Inna ta ce, "Kayan mutane fa?" Na ce saura hannu ɗaya.

Alhamis, 20 ga Safar, La'asar

Na kira Mala na ce mutumin nan ya ƙi kayansa, wane irin aboki ne wannan.

Ya ce, "Ba ka sani ba? Ai ba nasa shi kaɗai ba ne, nasu ne su biyu. Shago suka kama a bakin hanyar Dawanau. Rabi ɗinki, rabi waya. Shekara biyu suna shirya shi. Duk Juma'a sai sun yi awa guda suna gardamar kalar da za a yi wa ƙofa."

Da na dawo daga kai taki na bi ta wajen. Na gane shi ba tare da an nuna mini ba. Ƙofa sabuwa, kwaɗo sabo, rabin ƙofar kore, rabin ruwan toka. Ciyawa ta fara fitowa a dokin ƙofa.

Na ci mutuncin Sabiru a raina kwana biyu. Allah ya yafe mini wannan ma.

Asabar, 22 ga Safar, bayan Magariba

Na koma rumfar Sabiru tun hantsi. Na ɗauki basilla na shiga ɗinkin buhu. Ya dube ni, bai kore ni ba. Da rana ya sayo shinkafa da wake kwano biyu, ya turo mini ɗaya da ƙafa. Muka ci. Aka yi ruwa, muka ja tamfol tare.

Da aka kira La'asar na karkaɗe riga. Na ce, "Yaya Sabiru, ban zo roƙo ba. Baba zai sayar da sa, kuɗi zai cika ko da kai ko babu kai. Abu ɗaya ne. Kullum Inna sai ta tambaye ni ko kayan mutane sun iso. Kai ka san mutumin da take nufi."

Yana ta juya mudu a hannu.

Na ce, "Talata za mu je, da hantsi." Na tafi.

Ban taɓa kiransa Yaya ba sai yau. Da kanta ta fito.

Lahadi, 23 ga Safar, da safe

Baba ya wanke Kyalla, ya sa masa sabuwar igiya. Dillali zai zo gobe da yamma. Gajere sai kuka yake, kamar an gaya masa.

Litinin, 24 ga Safar, bayan La'asar

Dillali ya zo, ya taɓa, ya buɗe baki ya duba haƙori, ya taya. Baba ya ce albarka. Ya ƙara. Baba ya ce albarka. Ya ce zai dawo gobe da asuba da kuɗi a hannu, mu yi shawara. Baba ya ce ya dawo jibi.

Na ce Baba gobe ne fa za mu je.

Ya ce, "Na sani. A ba mutum kwanansa ɗaya."

Ban gaya masa zancen shagon Sabiru ba. Ashe ya sani.

Talata, 25 ga Safar, bayan Magariba

Na isa bakin sito da kuɗin gida takwas a ɗaure cikin leda, da takardar asibiti da aka buga mini a shago. Abdulkabir ya ce bai cika ba, na sani. Muka tsaya. Hantsi ya ɗaga, rana ta take. Na ƙirga jirgi huɗu.

Ana kiran Azahar sai ga Sabiru a kan babur, da farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Bai gaishe ni ba. Ya ce wa Abdulkabir, "Ina ake biya?"

Aka je banki aka dawo da rasit. Aka shigar da mu. Hajiya mai tabarau ta karɓi takardar asibitin, ta karanta fassarar da ke baya, ta ninke, ta miƙo mini da hannu biyu, ta yi addu'ar da ake yi. Sai ta sa aka yanka ledar akwatin. Dole a duba, ta ce, amma ita da kanta ta duba, da yatsa biyu, tana ɗaga gefe tana mayarwa. Riguna, darduma, buta, almakashi, kofin shayi mai tsaga. Wani ƙamshi ya taso, na sabulu da man keke. Na dubi rufin sito. Sabiru ma rufin yake kallo.

Ta ce, "Wannan nasa ne, ya wuce." Ta buga hatimi.

'Yan dako suka taso. Sabiru ya ce kada wanda ya taɓa. Ya cire hula ya yi gammo, ya ce in ɗora masa. Shi ya ɗauko akwatin a ka tun daga sito har bakin titi, farar rigar ta yi baƙi. Kwalin wayoyin kuwa ko kallonsa bai yi ba, ni na ɗauko.

A cikin adaidaita ya ce, "Kore na ce a yi. Shi ya nace sai ruwan toka."

Na ce ruwan toka kalar jaki ce.

Ya ce, "Haka na gaya masa." Ya yi 'yar dariya ya juya waje.

Da muka tsaya a ƙofar gida Inna na tsaye da kwanon toka. Ta ce, "Kayan mutane sun iso." Ba tambaya ba ce. Ta shige ciki da tokarta ba ta zubar ba.

Laraba, 26 ga Safar, bayan La'asar

Dillali ya zo da asuba, Baba ya ba shi goro ya sallame shi. Masu saƙo kowa ya zo ya ɗauki nasa. Iya Hamsatu ta sa abayarta a kan zani tana yawo a tsakar gida, wai in gani in yi kishi.

Akwatin ya kwana a ɗakin Inna ba a buɗe ba. Sai bayan Azahar, da gida ya yi shiru, ta jawo shi bakin ƙofa. Daga ita sai Iya, sai Baba a kan turmi, sai ni.

Ta ɗaga murfi. Ta daɗe ba ta taɓa komai ba. Sai ta ɗauko wani wando na yadi, gwiwarsa ta koɗe, ta warware shi. Ta tsaya. Ta shimfiɗa shi a cinya ta fara auna ƙugun da ɗani. Ta kai ƙarshe, ta koma ta sake.

Ta ce, "Uwaisu, zo ka sa wannan."

Na sa a kan nawa. Na saki, ya zube ƙasa. Iya ta ce, "Kai! Irinka biyu za su shiga, har da akuyata. Anya nasa ne? Yaron da ya tafi kamar sillen kara?"

Baba ya karɓa ya duba ɗinkin aljihu ya ce nasa ne, hannunsa ne.

Ni na sha ganin fuskarsa ta cika a hoto. Ban taɓa gaya wa Inna ba, don in aka miƙa mata waya kau da kai take yi, ba ta kuma taɓa tambaya ba.

Ta ɗauko riga ta auna kafaɗa. Ta ɗauko wata ta auna. Duk haka suke.

Ta ce, "Ashe yana cin abinci."

Ta ɗago rigar tana dubawa.

Ta ce, "Shekara bakwai in na kwashe tuwo sai in ce ko wa ke dafa masa. Ashe yana ci. Ashe yaron nan ya ƙoshi." Ta ɗora rigar a fuskarta ta daɗe. Da ta sauke ta ninke ta daidai, ta ce alhamdu lillahi.

Sannan ta dube ni tsaye da wando a idon sawu, ta ce, "Kai kuma cire wa mutane kaya, ka wanke hannu. Akwai sauran ɗanwake a tukunya. Dube ka kamar tsinke."

Na cinye duka. Tana zaune tana kallona har na suɗe kwanon.